Furen Aro

…kuma ba wai ba ta ji ba. Ta ji. Da kunnenta ta ji, tana tsaye daidai inda take tsaye yanzu, da wannan tsintsiyar a hannu. "Umma, kusurwar nan ta gindin tagata ki bar min ita. Kada ki share, kada ki ba ta ruwa." Haka Auta ta ce bara, tana watsa iri daga tafin hannunta kamar mai ba kaji tsaba. To amma wa ya taɓa shuka abu ya hana shi ruwa? A wace duniya? Ita dai karatunta bai yi nisa ba, ba ta musu, amma ai ko wanda bai taɓa leƙa aji ba ya san iri da ƙishirwa ba sa kwana ɗaki ɗaya…

Ga kusurwar nan. Fayau. Ƙasa ta daskare ta yi santsi kamar bayan faranti. Ko tsinke babu.

Alhali ruwan sama ya sauka. Ruwan da unguwar nan ke shekara tana ɗaga kai tana jira, wata shekarar ma ya ƙi zuwa, bana ya zo a ƙarshen sanyi, ya zuba har kwata ta cika ta tumbatsa, sannan ya ɗauke. Yanzu an shigo ɗan tsakanin nan — sanyi ya tattara ya tafi, zafi bai gama ɗaura ɗamara ba — kuma an ce can bayan gari tuddan yashi sun lulluɓe da fure, har masu motoci na fita kallo da 'ya'yansu. An ce. Ita ina ta ga ta kallo? Labulen tagar nan shi ne abin kallonta, safe da yamma.

Labule a sake, ba ya motsi. Bayansa Auta ce kwance, fuska ga bango.

Tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti, tawul a naɗe a hannu ba kowa a ciki. Yaron bai yi kuka ba. Namiji ne, aka ce, gashi cike da kai… ita ma ba ta gan shi da kyau ba, an riga an rufe. Nono ya kawo, ya cika, ya jiƙa riga, ba mai sha. Ita ta ɗaure mata ƙirji da tsohon ɗankwali, yarinyar ko uffan. Mijin Auta yana can wurin aikinsa mai nisa, yana kira, waya na ruri a kan katifa har ta gaji ta yi shiru. Kwanakin nan ma abinci a kai, a ɗauko yadda aka kai shi. Ruwa kaɗai, shi ma sai an tallabe kai. Auta da baki ba ya hutawa! Auta da in ta dawo daga wurin aikinta, inda ake sayar da dashen itatuwa, sai ta cika gida da labarin ganye da saiwa har babanta ya ce, "Allah ya sa shukokin nan na biyanki kuɗin surutu…"

Babanta. Da safen nan yana ɗaura igiyar takalmi, bai ko ɗago ba. "In na sauke tankar ruwa ta ƙarshe na dawo da azahar ban tarar ta tashi ta sa wani abu a cikinta ba, asibiti za mu kai ta. Na yi magana da likitan, akwai gado."

Akwai gado. Kamar mai albishir.

Ta san gadon ai. Ta taɓa zuwa dubiya ɓangaren nan na masu taɓin hankali, lokacin da aka kwantar da 'yar ƙanwar babarta. Ƙofar ƙarfe, a rufe ta waje. Tagogi da raga. An karɓe wa mata ɗankwali da igiyar zani, wai kada su cutar da kansu, suna zaune kai ba lulluɓi, ido a buɗe ba sa ganin kowa. Wata tana ta shafa bango, tana ta shafa bango… 'Yar ƙanwar babar tata ta fito dai, amma da ta fito sai aka daina kiran sunanta, sai dai a ce "waccan da aka kwantar". Har ta mutu. Auta za a mayar waccan? Yarinyar da ko allura sai an riƙe ta? A rufe mata ƙofa ta waje, ita kuma ta dawo gida ta yi me — ta share tsakar gida?

Ba mugunta ba ce, ta sani. Tsoro ne shi ma. Jiya ta gan shi zaune cikin motar a ƙofar gida, injin a kashe, goshi a kan sitiyari. Namiji in ya rasa abin yi sai ya nemo wanda zai miƙa wa. Ita kuwa wa za ta miƙa wa?

Amma jiya da yamma — ta gani, ba mafarki ba ne — labulen ya motsa. Yatsu biyu, sirara, sun ɗage gefensa kaɗan. Auta ta dubi kusurwar. Ba sama ta duba ba, ba ƙofa ba, ba uwarta da ke wanke-wanke ba. Kusurwar. Sannan yatsun suka saki.

Jira take yi. Ashe duk kwanciyar nan akwai abu ɗaya da take jira.

"Lokacin da za su fito, Umma, ɗana ya fara riƙe wuya. Zan shimfiɗa masa zani a nan ya sha kallo." Tana dariya, hannu a kan ciki, cikin ma bai fito sosai ba. Ita kuwa ta ce mata ki ce in Allah ya yarda. Ta faɗa kuwa? Ta faɗa mana… ko ba ta faɗa ba? Kai. Ta faɗa.

Laifin ruwa ne. Da a ce ita ma sayen ruwa take yi jarka-jarka kamar kowa a layin nan, da ko ta so ba za ta iya ba. To mijinta direban tankar ruwa ne. Kullum in ya dawo, abin da ya rage a ƙasan tanka da cikin tiyo sai ya tsiyaye mata a duro. Gidansu kaɗai ne a unguwar ake wanke tsakar gida. Ga zafi ya sauko bara, irin wanda tsuntsu ke faɗowa daga kan waya, Auta ta koma gidan mijinta, ita kaɗai da kusurwar nan, ƙasa na tsagewa a gabanta. Tana tuna su a ƙarƙashi, 'yan mitsi-mitsi, baki a bushe. Ga duro cike. Wace irin zuciya ce za ta wuce da bokiti ta gabansu? Kofi ɗaya ta fara. Kofi ɗaya mene ne? Sai rabin bokiti. Sai kullum bayan la'asar.

Kuma sun fito! Wannan fa kada a manta. Sun fito kore shar, ganye bibbiyu kamar kunnen ɓera. Ta yi murna har ta ƙi faɗa a waya, so take Auta ta zo ta gani da idonta, ta ce Umma ashe kin fi ni iyawa. Rana ba ta bari ba. Kafin yarinyar ta zo sun koma kamar zaren da aka ƙona. Ta share su. Matattun kawai ta share… to tsintsiya ta san matacce da mai rai? Ta san wanda bai tsiro ba tukuna, yana kwance yana jiran lokacinsa?

"Irin hamada wayo gare shi, Umma. Barci yake yi har sai ruwan gaske ya zo, a lokacin gaske. In aka tashe shi da ruwan ƙarya, shi ke nan, ba ya komawa."

Ta yi dariya a ranar. Iri ma har da wayo?

Inuwar katanga ta fara janyewa. Azahar ba ta jiran kowa.

Roba. Babbar robar wanki. Tsohuwar wuƙar nan da bakinta ya karye, da ludayin ƙarfe. Mayafi — ina mayafin? A hankali da sakatar ƙofa, kada ta yi ƙara…

Tsallaken hanya kawai. Filin da ba a gina ba, inda mai walda ke jibge ragowar ƙarafunansa. Duk layin nan siminti ne da kwalta da ƙasar da ƙafa ta daddaɓe, ba abin da ya fito, sai nan. Wani ɗan kwari tsakanin tsohuwar ƙofar mota da tulin rodi mai tsatsa, inda ruwan ya kwanta. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Amma subhanallahi… rawaya, shuɗi mai duhu, wasu farare ƙanana kamar an barbaɗa gishiri. Ƙudan zuma na ta kai-kawo. Wurin da ba wanda ya taɓa sharewa. Wurin da ba wanda ya taɓa yi wa sannu da kofin ruwa. Ita da ta yi ta wahala… a'a, ba yanzu ba. Ba lokacin wannan ba ne.

Gwiwa. Wayyo gwiwa. Tsakuwa na shiga ta cikin zani.

Wane launi ma Auta ta ce? Ta faɗa, tabbas ta faɗa, har da sunansu, wani dogon suna na makaranta. Rawaya ne? Kamar ta ce irin launin rigar da ta saya wa yaron… rigar kuwa fara ce da ɗigon shuɗi. Ko waccan mai rawayar? Me take yi a lokacin da ba ta saurara ba? Tana tsince shinkafa. Kullum tana wani abu. Yarinya na magana, ita tana tsince shinkafa, tana cewa uhm, uhm. To a ɗebi kowanne. A cikinsu ai dole a dace.

Wuƙa ta shiga. Yashin sama a bushe, na ƙasa da sanyi-sanyi. Ta ɗaga — ɗis. Wata 'yar ƙara, kamar an tsinke zaren ɗinki. Saiwar ta rage a ƙasa. Ɗan abin da tsawonsa bai kai yatsa ba, ashe ƙafarsa ta yi zurfi haka? Na biyu a ƙara zurfi. Ludayi. Hannu har wuyan hannu. Ɗis. Ƙasar ma ba ta riƙe saiwar, zubewa take ta tsakanin yatsu, ta bar ta tsirara. Ba komai. Ba komai, rabin saiwa ma saiwa ce. Yau kaɗai ake buƙata. Zuwa azahar kaɗai.

"Ikon Allah! Maman Auta, ke ce a bolar mijina?"

Matar mai walda ce, ta ɗora haɓa a kan katangarsu, asuwaki a baki.

"Ke da kike share har inuwa? Ko miyar fure za a yi mana yau, in kawo kwano?"

"Ɗan ado ne."

"Ado! To a bar wa zuma na cefane mana." Ta tofar. Sai murya ta sauka. "Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Da sauƙi. Baki ya saba, shi ke faɗa da kansa. Kuma kafin la'asar layin nan kaf zai ji an ga matar direba durƙushe a cikin ƙarafuna tana haƙa da ludayi. Za a ce abin a jini yake. Za a ce daga uwar aka gado. Su ce.

Kaɗan ba zai yi ba. In Auta ta ga tsilli-tsilli za ta ce yawancinsu sun mutu, ta koma ta juya wa bango fuska. A cika. A cika kusurwar taf, yadda ta watsa da hannunta. Ta kai roba ɗaya, ta dawo. Ta sake dawowa. Na gefe sun ƙare, sai na tsakiya, gwiwa na murƙushe waɗanda hannu bai kai gare su ba… afuwan, afuwan. Ƙudan zuma ɗaya na bin robar har bakin ƙofa, sannan ya juya.

Ƙasar kusurwar kamar dutse. Ita ta mayar da ita haka, ruwa da tsintsiya, ruwa da tsintsiya. Wuƙa na ƙwarzane a banza. A hankali — taga ce a saman kanta, numfashin yarinyar ma kusan tana ji. In ta ji sarar ƙasa fa? Da yatsa to. Farce ya karye, bari ya karye.

Kada a jera. Hannun nan sai ja yake ya yi layi, kamar jeren kwanuka a kanta. Shukar Allah ba ta layi. Nan biyu a manne, can ɗaya shi kaɗai, rawaya cikin shuɗi… Lokacin da Auta ke ƙarama haka take zubar da maɓallan ɗinki a tabarma, ita kuma ta bi ta tsince ta mayar gwangwani, yarinyar na kuka wai an rushe mata gari. Gari ne ashe. Ita ta ɗauka ɓarna ce.

Ruwa? Hannu ya tsaya a kan kofi. An ce kada… amma wannan dashe ne, dashe kuwa ko Auta tana ba shi ruwa, ta sha gani. Wannan karon daidai ne. Dole ya zama daidai. Kaɗan-kaɗan, a gindi. Ta shafe sawun gwiwa da tafin hannu, ta watsa busasshen yashi a kai.

Ta ja da baya.

Kai… kai! Kamar a nan aka haife su. Bangon da ya daɗe da ƙura ma sai ya yi kyau. Ƙirjinta na bugawa kamar ta yi sata. To satar ce. Wa aka yi wa? Bola?

Kada ta kira ta tukuna. In ta kira, an gane. A bar ta ta ɗaga da kanta, kamar jiya. Kuma in ta gani ta tashi, abu na farko abinci — babanta cewa ya yi ta sa wani abu a ciki. Shayi, da madara sosai. Burodin jiya ya yi tauri, a jiƙa. Risho ya ƙi kamawa, ashana ta yi sanyi, yau ce ranar da komai zai… kama mana! Kofin nan mai hoton tsuntsu, shi take so tun tana makaranta. Za ta ce mata me? Ba za ta ce komai ba. Za ta yi kamar ita ma yanzu ta gani. La, Auta, dubi! A'a, ya yi yawa. Auta ta san muryarta ta ƙarya tun tana goye.

Ta fito da tire a hannu.

Rana ta haye katanga.

Yaushe? Shayi kawai ta dafa! Sun sunkuyar da kai. Dukansu. Masu rawayar sun tsuke baki, shuɗɗan sun kwanta a kan juna kamar yaran da barci ya kwashe a mota, fararen ma ba a ganinsu. A can cikin ƙarafuna wannan ranar ce dai ke dukansu, suna tsaye ƙyam. Nan me aka yi musu? Me ba a ba su ba?

Tire a ƙasa. Tsinken tsintsiya — a karya, a kafa, a jingina musu wuya. Wannan ya tsaya. Wancan ya zame. Ta tayar da shi, na farkon ya faɗi. Inuwa suke so. Mayafi, a buɗe shi da hannu biyu, ta tsaya tsakaninsu da rana… hannu nawa gare ta? In ta riƙe mayafi wa zai riƙe wuyan? Ruwa. A ƙara ruwa. Kofi, kofi, bokitin gaba ɗaya — ƙasar ba ta sha, ta daskare ai, ruwan sai ya kwanta, ya yi taɓo, ramukan suka buɗe baki, ga guntayen saiwa a waje fari-fari. Ganyen fure na yawo a kan ruwa.

Ya isa. Ya isa, baiwar Allah, tsaya. Ba ta iya tsayawa. Hannu na ta dannawa, na ta gyarawa, kowanne ta taɓa sai ya ƙara lanƙwashewa…

Ƙarar zoben labule a kan ƙarfe.

Ba yatsu biyu ba. An zuge shi gaba ɗaya.

Kada ta ɗago. Ta ɗago. Fuskar nan — yaushe rabon da ta gan ta a hasken rana? Ƙashin kumatu, leɓe a tsage, ido ya faɗa. Idon na bin kusurwar a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Tsinkayen tsintsiya. Ludayi. Robar wanki da ragowar yashi. Uwarta durƙushe cikin taɓo har gwiwar hannu. Wa za a yi wa ƙarya? Yarinyar da aikinta ke nan?

Yanzu za ta saki labulen. Yanzu.

"Umma…"

Muryar kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"A ina kika ciro su?"

Ta yi magana. Ya Allah, ta yi magana, kalma a jere, har da tambaya! A ce mata me? Naki ne, su suka fito — a'a. A ce naki na kashe su tun bara, da kofi, da hannun nan? Ba wannan ta tambaya ba. Abin da ta tambaya kawai.

"Nan… tsallaken hanya. Cikin ƙarafunan mai walda."

Idon ya wuce ta, ya tafi wajen ƙofar gida.

"Da kansu suka fito?"

"Da kansu."

"Ki riƙe ni in je in gani."

Tsallaken hanya. Iya nan ƙafafun nan za su iya kaiwa, in ma sun kai, da hannu a kafaɗa, ana hutawa a bakin ƙofa. Tuddan bayan gari sai mai lafiya. Nan ne kaɗai a duk layin, tabarma biyu, kuma da safen nan yana nan cif, da zumansa da komai, shekara da shekaru yana jiran ruwansa ba wanda ya dame shi… Me ta bari? Ta rufe ido tana nema. Ramuka. Sawun gwiwa. Tulin yashi a gefen kowane rami. Can jikin ƙofar motar, ta ƙarƙashi, inda hannu bai kai ba — akwai wani shuɗi guda, ko ta ciro shi a zuwan ƙarshe? Kamar ta bar shi. Kamar ta miƙa ludayi…

Cikin ɗaki katifa ta yi ƙara. Tafin ƙafa ya taɓa siminti, ɗaya, sannan ɗayan.

Daga bakin layi kuma wani nishi mai nauyi, wanda ta sani ko cikin barci: tanka ba ruwa a ciki, tana karyo kwana, ƙarfe na kaɗawa.

Ta dafa ƙasa za ta tashi. Taɓon ya riƙe hannun. Gwiwar ta ƙi.

"Umma, kina ina?"

"Ga ni," ta ce. "Ga ni nan zuwa."

Ba ta motsa ba tukuna.